Wace irin karramawa ce ta dace da matashin mai bincike a kiwon lafiya matakin farko?

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni likitar iyali ce a nan Kano, shekara 3 ke nan da kammala horon ƙwarewa. An ɗora mini tsara yadda za mu riƙa karrama matasan masu bincike a fanninmu duk shekara. Wasu sun ce a ƙirga maƙalu kawai, wanda ya fi yawa a ba shi allon yabo a wajen walima. Hankalina bai kwanta da haka ba. Wa ya cancanta, da me za a auna, kuma me za a ba shi?

Amsa: Dakta, sannu da ƙoƙari, Allah ya taya ki riƙo. Gara da hankalinki bai kwanta ba. Na daɗe ina duba kundayen likitoci masu neman ƙwarewa, na kuma zauna a irin kwamitin da aka ba ki, kuma abin da na yi ta gani shi ne matashin mai bincike a fanninmu abu uku suke ci masa tuwo a ƙwarya: ba a sa sunansa inda ya dace, ba shi da lokacin kansa, kuma babu mai buɗe masa ƙofa. A yi allon yabon, ban hana ba. Mahaifiyarsa za ta rataye shi a ɗaki ta nuna wa baƙi, wannan ma wani abu ne. Amma idan ya karɓa ranar Asabar, ya wayi gari Litinin da layin marasa lafiya har bakin ƙofa da kwanan asibiti sau biyu a sati, to binciken nasa yana nan inda ya tsaya.

Bari in fara da dalilin da ya sa ba a ganin 'yan fanninmu tun asali. A 1961 wani likita mai suna Kerr White da abokan aikinsa suka yi wani lissafi daga bayanan Amurka da Birtaniya. A cikin manya 1,000, a wata guda, kimanin 750 za su ji wani ciwo, 250 za su ga likita, 9 za a kwantar, mutum 1 tal ne za a tura asibitin koyarwa na jami'a. Ki ɗauko wannan ki aza a kan Kano. Wanda ya isa gado a Asibitin Malam, wato asibitin koyarwa na Aminu Kano, ko Asibitin Murtala ya riga ya bi ta kemis ɗin unguwa, wataƙila ta wajen mai maganin gargajiya, sannan asibitin sha-ka-tafi. Yawancin mutane a nan tafiyarsu take ƙarewa, ko da sauƙi ko da akasin haka. Amma shahara da kuɗin bincike da manyan mujallu sun fi karkata ga mutum 1 ɗin nan da ke kwance a gadon asibitin koyarwa, domin ciwonsa ne mai ban mamaki, kuma a kansa ake da na'urori. Tun sanarwar Alma-Ata ta 1978 ake cewa matakin farko shi ne ginshiƙi. Marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya yi tsayin daka a kai lokacin da yake ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, an kafa hukumar kiwon lafiya matakin farko ta ƙasa a 1992, dokar lafiya ta 2014 kuma ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya domin asusun kula da lafiya na tushe. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484. Wa zai gaya mana ko abin da ake yi a cibiyoyin mazaɓun nan yana aiki? Yaran da kike son karramawa ne.

Ga abin da na gani da idona. Wata matashiyar likita, ƙanwarmu a aiki, tana binciken yadda masu hawan jini suke shan magani. Ta ɗauko takardar tambayoyi da aka tsara a ƙasar waje, aka juya ta Hausa, ta fara zama da mata bayan an tashi daga ganin marasa lafiya, wajen ƙarfe 3, ba ta ko ci abinci ba. Duk wadda ta tambaya, “Mama, kina shan maganinki?” sai ta ce, “Ina sha, likita.” Amma awo yana nuna jini a sama. Wata ma'aikaciyar lafiyar al'umma da ke taya ta cike takardu ce ta ja ta gefe ta ce, “Dakta, tambaye ta yaushe ta sha na ƙarshe.” Aka tambayi wata dattijuwa, ta kwance bakin mayafinta ta fito da ƙullin leda, ƙwayoyin da aka ba ta wata biyu baya suna nan kusan cif. Ta ce, “Ai ran da kaina ya sara nake sha. In lafiyata ƙalau, me zan sha wa magani?” Ba ƙarya ta yi ba da ta ce tana sha. A wajenta hawan jini ciwon kai ne mai zuwa ya wuce. Daga ranar aka sake tsara tambayoyin gaba ɗaya, aka kuma canza yadda ake yi wa masu karɓar magani bayani a tagar bayar da magani. Da maƙalar ta fito, sunan likitar nan shi ne na 4, bayan manya uku da biyu daga cikinsu ba su taɓa zama da mara lafiya ko ɗaya a binciken ba. Ma'aikaciyar da ta gano bakin zaren kuwa ko a layin godiya ba ta fito ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin ina wurin kuma ban yi magana da ƙarfin da ya kamata ba.

Shi ya sa nake cewa karramawar farko ita ce jerin sunaye a kan maƙala, kuma ba ta cin ko kwabo. Ƙa'idar da kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya ya shimfiɗa kan wanda ya cancanci a sa sunansa a maƙala sharuɗɗa 4 ce: mutum ya ba da gudummawa ta gaske wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya sa hannu a rubutu ko gyaransa da zurfi, ya amince da abin da za a buga, ya kuma yarda ya ɗauki alhakin aikin. Shugabancin sashe kaɗai ko samo kuɗi kaɗai ba sa sa mutum cikin marubuta. Akwai kuma wani sashe na ƙa'idar da ba a cika karantawa ba: duk wanda ya cika sharaɗin farko a ba shi damar cika sauran. Wato ma'aikaciyar nan haƙƙinta ne a kai mata daftarin ta karanta ta yi gyara, ba a ce ai ba ta yi rubutu ba alhali ba wanda ya gayyace ta. Kafin kwamitinki ya ba kowa kyauta, ya sa sashe ya amince a rubuce cewa za a yanke jerin sunaye tun ranar da aka fara bincike, kuma kundin da mai neman ƙwarewa ya rubuta domin jarrabawar ƙarshe ta kwalejin horar da ƙwararrun likitoci ta ƙasa ko ta Afirka ta Yamma, in ya zama maƙala, sunansa ne a gaba. Mujallu da dama yanzu suna amfani da tsarin CRediT mai rabe-raben aiki 14, inda ake bayyana wa ya yi me. Ku ɗauke shi. Kowane matashi kuma ya buɗe lambar ORCID, wato lambar shaidar mai bincike a intanet, kyauta ce, domin a garin da Muhammad da Abdullahi da Aisha suka cika kowace takarda, aikin mutum yana iya ɓacewa cikin na takwaransa.

Na san wannan ita ce maganar da ta fi wuyar faɗa a gaban manya. Al'adarmu ta girmama malami abu ne mai kyau, ni ma ita ta raine ni. Amma malamin kirki ribarsa ɗalibin da ya fito, kuma sunan ƙarshe a maƙala, wanda a likitanci aka san na jagora ne, ba ƙaramin matsayi ba ne.

Sai batun wane ne matashi. Kada ki sa iyakar shekarun haihuwa. Yi lissafi da kanki: shekara 6 a makarantar likitanci, 1 ta sanin makamar aiki, 1 ta bautar ƙasa, sai jiran gurbin horon ƙwarewa, sai horon kansa da ba kasafai yake gaza shekara 5 ba. Ki haɗa da yajin aikin malaman jami'a, wanda na 2022 kaɗai ya ci wata 8. In kika ce sai ɗan ƙasa da 35, kin kori mafi yawan waɗanda kike nema. Ki ƙirga daga ranar da mutum ya kammala ƙwarewa ko digiri na uku, ki ba shi shekara 5 zuwa 7, sannan ki cire lokacin da aka yi a haihuwa da jego, ko jinyar iyaye, ko takaba. Mace da ta haihu sau biyu a cikin waɗannan shekaru ta kuma fitar da aiki biyu masu kyau ba a bayan kowa take ba. Ke kin fi ni sanin wannan.

Kuma kada a rufe ƙofa a kan likitoci. Matakin farko a Kano a hannun ma'aikatan lafiyar al'umma yake, da ungozomomi da malaman jinya da masu haɗa magunguna. In an yi rukuni biyu, ɗaya na likitoci ɗaya na sauran ma'aikata, ya yi. Abin da ba zan so ba shi ne a yi taron karrama binciken matakin farko a zauren da babu ko mutum ɗaya da ke aiki a cibiyar mazaɓa.

Yanzu ga ma'auni, inda masu cewa a ƙirga maƙalu suka tsaya. Na fahimce su, ƙirge ba ya jawo rigima, kowa yana ganin lamba. Sai dai duk abin da aka ce za a ƙirga, shi mutane za su tara. Za a yanka bincike ɗaya gida uku, za a yi “sa ni in sa ka”, za a biya mujallun bogi da ke aiko da saƙon imel suna alkawarin bugawa cikin sati guda ba tare da wani masani ya duba ba. Mai aikin da ya ci shekara 2 yana bin masu ciwon suga gida-gida zai zo da maƙala ɗaya, wanda ya raba takardar tambayoyi ga ɗalibai a aji zai zo da 10. Tun 2012 masana suka fitar da sanarwar San Faransisko kan auna bincike, suna kira da a daina auna mutum da martabar mujallar da ya buga a ciki, a karanta aikin kansa. Shawarata: kowane ɗan takara ya kawo aiki 2 ko 3 da ya fi alfahari da su, da shafi ɗaya da ya bayyana tambayar da ya yi, abin da shi da kansa ya yi a ciki, da abin da ya canza. Alƙalai su karanta, su tambayi kansu: tambayar nan daga ɗakin ganin marasa lafiya ta fito ko daga kwaikwayon abin da aka yi a wani gari? Hanyar binciken za ta iya ɗaukar nauyin abin da aka ce an gano? An samu izinin kwamitin ɗa'ar bincike kafin a fara? Binciken da ya nuna cewa wani tsari bai yi aiki ba a ba shi maki daidai da wanda ya nuna nasara, domin ya hana mu zuba kuɗi a rariya. Binciken hira da tattaunawa ma, wanda babu alƙaluma a cikinsa, kada a raina shi. Shi ne irin wanda ya buɗe ƙullin ledar dattijuwar nan.

Akwai ma'auni ɗaya da zan roƙe ki ki ba shi nauyi na musamman saboda a Kano muke: shin mai binciken ya koma ya gaya wa mutane abin da ya gano? Garin nan yana da tabo. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a binciken da ya ƙunshi yara kimanin 200, yara 11 suka rasu, aka shafe shekaru ana shari'a a kan ko an nemi yardar iyayensu yadda ya kamata. A 2003 aka dakatar da riga-kafin shan inna a jihar, sai 2004 aka dawo da shi. Duk wanda ya taɓa shiga lungu da takardar neman yarda ya san tambayar da magidanci zai yi masa a zaure: “Jinin nan ina za ku kai shi?” Wa ke amsa wannan tambaya? Ba farfesa ba ne. Matashin nan ne yake zuwa gaida mai unguwa, ya tuɓe takalmi ya zauna a tabarma, ya nemo mace da za ta shiga gidan da aka rubuta “ba shiga”, ya dawo sau uku saboda maigida ya tafi kasuwa. Amanar da ya gina ita ce jarin duk wanda zai zo bincike bayansa. In ya gama ya koma ya tara su ya yi musu bayani da Hausa, ko ya rubuta shafi biyu ya kai wa hukumar kula da kiwon lafiya matakin farko ta jiha, ko ya shiga gidan rediyo, wannan aiki ne da babu mujallar da za ta ƙirga masa. Kwamitinki ya ƙirga.

Wajen tsayar da 'yan takara, ki tuna an raine mu a kan cewa yabon kai jahilci. Da yawa daga cikin waɗanda suka fi cancanta ba za su taɓa cike takarda su ce “ni ne” ba, wasu don kunya, wasu don tsoron riya, wasu don kada a ce sun yi wa manya rashin kunya. In kika bar shi ga mai so ya nema, masu baki ne za su zo. Ki buɗe hanya biyu: mutum ya tsayar da kansa, ko abokin aiki ya tsayar da shi, har da na ƙasa da shi. Alƙalai kuma a samu aƙalla ɗaya daga wajen sashen, da ɗaya daga wajen jihar in da hali, kuma duk wanda ɗalibinsa ko ɗan uwansa ke cikin takara ya fita daga ɗakin lokacin da ake maganarsa. Kano babba ce amma fanninmu ƙarami ne, kowa surukin wani ne ko ɗan ajinsa. In shekarar farko aka ce an yi son kai, kyautar ta mutu.

Ki kuma yi tunanin waɗanda ba su samu ba. A 1968 masanin zamantakewa Robert Merton ya bayyana yadda a duniyar ilimi wanda ya riga ya yi suna shi ake ƙara wa, kogi bai ƙi yayyafi ba. A 2018 wasu masana suka bi diddigin tallafin matasan masu bincike a ƙasar Holan, suka kwatanta waɗanda suka haye da ƙyar da waɗanda suka faɗi da ƙyar, mutanen da makinsu kusan ɗaya ne. Cikin shekara 8 da suka biyo baya, waɗanda suka haye sun tara kuɗin bincike fiye da ninki biyu na waɗancan, kuma wani ɓangare na dalilin shi ne waɗanda suka faɗi sun daina nema. Wannan ya nuna miki ƙarfin abin da ke hannunki, ya kuma nuna haɗarinsa. Duk wanda ya shiga takara a rubuta masa wasiƙa ta gaske: ga inda aikinka ya yi ƙarfi, ga abin da za ka gyara, muna jiran ka baɗi. A ambaci sunayen ukun da suka kai zagayen ƙarshe a bainar jama'a. Wanda ya ci kuma kada ya sake shiga.

To me za a ba shi? A Birtaniya kwalejin likitocin iyali da ƙungiyar masana kiwon lafiya matakin farko suna da kyautar matashin mai bincike da aka sa wa sunan Farfesa Yvonne Carter, likitar iyali da ta shugabanci makarantar likitanci ta Warwick, ta rasu a 2009. Abin koyi a nan shi ne fannin da kansa ne yake ɗaga 'ya'yansa, bai jira wasu su yi masa ba. Amma abin da za a sa a cikin kyautar, halinmu ne zai faɗa. A wajena mafi tsada shi ne yini ɗaya a sati, na shekara guda, da aka cire mutum daga jadawalin ganin marasa lafiya, a rubuce da sa hannun shugaban sashe, ba alkawarin baka da zai narke ranar da wani ya tafi hutu ba. Na san hannu ya yi ƙaranci, kullum ana rakiyar wani zuwa Saudiyya ko Ingila. Kyautarki ba za ta tsayar da wannan ba, amma na ga waɗanda abin da ya riƙe su shi ne suna da aikin da suke jin nasu ne.

Bayan lokaci sai ɗan kuɗi, ko da kaɗan ne, da sharaɗin a kashe shi a bincike: kuɗin adaidaita sahu na masu tattara bayanai, buga takardu, data, ladan mai nazarin alƙaluma. Sai wasiƙa a fayil ɗinsa zuwa ga kwamitin ƙarin girma. Sai jagora da aka ambata da suna, wanda zai zauna da shi ya rubuta neman tallafi na gaba, ko na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, ga malaman jami'a, ko irin ƙananan tallafin da ƙungiyar masana cututtukan ƙasashe masu zafi ta Landan take bayarwa ga masu farawa. A haɗa shi da cibiyar nazarin lafiyar al'umma da tsare-tsare ta Jami'ar Bayero, a biya masa zuwa taron ƙungiyar likitocin iyali ta Nijeriya ya gabatar da aikinsa da bakinsa, a nuna masa ƙungiyar matasan likitocin iyali ta Afirka da ke ƙarƙashin WONCA, wato ƙungiyar likitocin iyali ta duniya. In an gayyaci babba ya yi jawabi a kan aikin da yaro ya yi, ya ce “ga wanda ya yi, ku saurare shi.” Ni jumla irin wannan ce, daga bakin wani malamina a wani taro, ta sa na zauna a wannan fanni.

Kafin ki sanar da komai, Dakta, ki fara samo takardar yini ɗayan nan da sa hannu, domin ita ce za ta fi ba ki wahala. In ta samu, ki roƙi kwamiti a yi bikin farko a harabar cibiyar da aka yi binciken da ya ci, da hantsi bayan an sallami masu awon ciki, a gayyato mai unguwa da ma'aikatan wurin, wanda ya ci ya yi bayanin minti 10 da Hausa kafin a miƙa masa allon. Ki turo mini daftarin ƙa'idojin in kin rubuta, zan karanta.